Saiwoyin da Baba Isuhu ya rufe

Ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Talata abin ya fara lalacewa. Na san lokacin daidai domin na rubuta shi a littafina, kamar yadda nake rubuta komai a wancan zamanin. Ban san ɓarna nake rubutawa ba. Abin da na sa kawai shi ne: ruwa ya janye, iska daga arewa, an rufe saiwoyin itace na goma sha huɗu zuwa na ashirin da biyu.

Damina ta bana ce ta tuno mini. Tun da na dawo gida, ta gonakin bayan unguwarmu nake bi in zan tafi aiki, kuma makon nan aka shiga maimai. Gero ya kai gwiwa. Na tsaya ina kallon wani dattijo yana jan ƙasa da fartanya yana tarawa a gindin kowace shuka. An yi ruwa da asuba, ƙasar tana ƙamshi. Sai na ji warin wata ƙasar daban ya taso mini, baƙa, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Ƙarshen shekarar 2019 ina Dubai ina karatun digiri na biyu a kan ƙasa da tsirran bakin teku. Wurin bincikena wani lungu ne a wajen gari inda ruwan teku ke kutsowa cikin fili sau biyu a rana, ya malala a hankali, ya sake janyewa. Bayan lungun fili ne shimfiɗaɗɗe mai farin ɓawon gishiri, in ka taka ya fashe kamar ƙanzo. Babu abin da ke tsirowa a kansa. Amma a bakin ruwan akwai wani itace da Larabawa ke kira gurm, wanda ya iya zama cikin ruwan gishiri. Yana shan ruwan, ya fitar da gishirin ta bayan ganyensa. In ka lasa ganyen za ka ji.

Lakar da yake tsaye a kai ba iska a cikinta ko kaɗan. Saboda haka saiwoyinsa ba sa tsayawa a ƙasa kamar na sauran itatuwa. Sai su yi tafiya a kwance, su dinga turo 'yan tsinke sama, jere-jere kamar an kafa fensira. Da waɗannan tsinken itacen ke numfashi duk lokacin da ruwa ya janye. In an binne su, an shaƙe shi.

Ƙananan gurm ɗari da ashirin aka ba ni, 'yan shekara biyu, kowanne da lambarsa a ɗaure. Aikina in auna su: tsayi, ganye, gishirin ruwa, taurin laka. Ina son wurin fiye da ko'ina a garin. Ba wanda zai yi mini magana. In ruwa ya janye sai ƙananan ƙaguwa su fito daga ramukansu ɗaruruwa, dodon koɗi su lulluɓe lakar, zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya yana jiran kifi. Can nesa kuma wasu dogayen tsuntsaye masu jajayen ƙafafu suna kiwo da kawunansu a cikin ruwa, dogayen benayen gari a bayansu kamar zane.

A ranar Talatar nan na iso na tarar da wani mutum a tsakiyar itatuwana, sanye da kayan ma'aikatan shara, ya duƙa. Kamfanin da ke kula da tsabtar wurin ne ya turo shi ya dinga kwashe robobi da gansakukar da ruwa ke kawowa. Ya gama wannan tuni. Yanzu yashi yake ɗebowa daga tudu a kwanon sarki, yana zubawa a gindin itatuwan, yana gyarawa da wata 'yar fartanya da ya ƙera da guntun shebur. Yana yi yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, da Hausa.

Na yi sallama. Ya miƙe da sauri har kwanon ya faɗi.

"Hausa nake ji? Ke ɗiyar ina ce?"

"Kano, Baba."

"Kano. Ikon Allah. Wata huɗu ban ji Hausa bakin mace ba sai a waya."

Sunansa Isuhu, mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Maraɗi. Ya ba sittin baya ko ya kusa, gemunsa fari fat. A Sonapur yake kwana, can Muhaisna inda masaukin leburori yake, su takwas a ɗaki, ba Bahaushe ko ɗaya sai shi. Ya buɗe ledarsa ya ba ni dabino uku. Sannan ya nuna mini aikinsa da fartanyar.

"Naki ne waɗanga? Na ga saiwarsu duk a waje, rana tana dukansu. Wallahi tausayi sunka ba ni. Mutanen nan suna da kuɗi amma ba su san noma ba. Wa ke barin saiwa tsirara?"

Na dubi layin da ya gama. Ya yi kyau. Irin huɗar da mahaifina, Allah ya jiƙansa, yake yi wa dawa, kowane gindi da tulinsa daidai wa daida. Maganar tana bakina, jimla ɗaya ce. Amma a gidanmu ba a taso mu muna gaya wa mai furfura cewa nomansa ba daidai ba ne, balle wanda ya ba ka dabino yanzun nan, yana kallonka yana jiran yabo.

Na ce, "Sannu da aiki, Baba."

Na duba agogo na rubuta. Na ce a raina ran Alhamis zan gaya masa.

Ƙarfe goma sha ɗaya motar kamfaninsu ta zo ta ɗauke shi zuwa wani wurin. Tana ɓacewa na tuɓe takalmi na durƙusa cikin laka na tone saiwoyin da yatsuna, ɗaya bayan ɗaya, don kada su karye. Na yi kusan awa biyu.

Ran Alhamis ya zo mini da shayi a gora. Ya ba ni labarin gonarsa da ya bar wa ƙanensa, da 'ya'yansa mata uku, da yadda a shekarunsa in aikin nan ya kuɓuce ba wanda zai sake yi masa biza. Ya rufe layi biyu. Da ya tafi na tone.

Haka muka ci sanyin shekarar. Talata da Alhamis shi ya rufe, ni in buɗe. A watan Janairu aka yi wani ruwan sama da ban taɓa ganin irinsa a garin ba, tituna suka zama kogi, motoci suka tsaya cak. Da muka koma lungun, farin filin gishirin ya narke ya zama taɓo. Baba Isuhu ya tsaya yana shaƙar iska, idonsa a rufe.

"Da a gida ne, ɗiyata, yau shuka za a yi."

Ruwan ya wanke duk yashin da ya tara. Ya yi tsaki, ya ɗauki kwanonsa ya fara daga farko.

A Abu Hail nake zaune, ɗaki ɗaya da Anti Bilki, 'yar Zariya ce da ke aiki a wani ofishin kago, masu aika kaya gida, a Al Ras. Ta girme ni da shekara goma, kuma duk maganar da Allah ya rage mini ita ya ƙara wa. Ita ta fara lura da farcena.

"Nusaiba, karatu kike zuwa ko haƙar rijiya?"

Na ba ta labari. Ta ajiye ludayi ta juyo gaba ɗaya.

"Tsaya. Shi ya binne, ke ki tone, wata uku? Ba ki da baki ne?"

"Anti, nauyinsa nake ji."

"Nauyi. To ba ni lambarsa ni in gaya masa, minti ɗaya kalas, shi ke nan. Baba, iccen nan ba gero ba ne, yalla, a bar masa saiwarsa."

"Ba ni da lambarsa."

"Ita ma nauyin tambaya kika ji?"

Haka ne kuwa.

A watan Maris korona ta shigo. Aka rufe makarantu, aka ce karatu ya koma ta kwamfuta, aka hana ɗalibai zuwa wuraren bincike. Ba a jima ba aka killace Al Ras gaba ɗaya, ofishin su Anti Bilki ya rufe. Daga nan aka hana fita kwata-kwata sai da izini a waya, ko da burodi za ka sayo. Cikin wannan hali azumi ya kama.

Ranakun duk iri ɗaya ne. Mu yi sahur da shinkafar jiya da shayi. Bayan asuba in zauna gaban kwamfuta, Anti Bilki ta koma barci. Azahar ta yi, ladan ya kira salla daga masallacin bayan gidanmu, ya ƙare da cewa kowa ya yi salla a gidansa. Ranar da na fara jin haka sai da na zauna a bakin gado. Titin da ke ƙarƙashin tagarmu, wanda a da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda hon, ya zama sai kuliyoyi da 'yan kai saƙo a kan babur. Zafi ya fara shigowa. Esin ɗakin tsoho ne, yana ƙara yana ɗigar ruwa cikin bokiti.

Bayan la'asar mu shiga kicin. Kukar da Anti Bilki ta zo da ita daga gida ta kusa ƙarewa, sai ta koma auna ta da ƙaramin cokali. Daddawa ta ƙare tun makon farko. Gero babu, sai muka dinga dama kunu da garin alkama muna matsa lemon tsami a madadin tsamiya. Anti Bilki ta kurɓa ta yamutsa fuska.

"Wannan in an kai wa kakata za ta ce wa ya mutu."

Mu yi dariya, mu shanye. Yunwar azumin ba ta dame ni ba kamar rashin abin da baki ya saba da shi. A da ana buɗa baki a harabar masallaci, kowa da tabarmarsa, Indiyawa da 'yan Sudan da mu. Wannan shekarar mu biyu ne a kan leda a tsakar ɗaki, da dabino shida.

Kullum na duba jadawalin cikar ruwa da janyewarsa, ko da yake ba inda za ni. Ƙarfe kaza ruwa ya janye, yanzu itatuwana suna numfashi. Na kwantar da hankalina da cewa ai leburori ma an kulle su a Sonapur, ba mai zuwa lungun. Sai wata rana na ga motar masu shara ta wuce ta ƙarƙashin taga, cike da ma'aikata da takunkumi. Masu tsabta ba a hana su fita ba.

A ranar na buɗe kwamfuta na fara rubuta wa malamata, wata 'yar Sudan da muke kira Dakta kawai. Na rubuta cewa akwai ma'aikacin da ke zuba yashi a kan saiwoyin, a taimaka a hana shi. Na karanta. Na ga yadda saƙon zai tashi daga Dakta zuwa masu wurin, daga masu wurin zuwa kamfani, a lokacin da ake sallamar ma'aikata ko ba su yi komai ba. Na goge. Washegari na sake rubutawa da laushi, na sake gogewa.

Anti Bilki tana kwance tana kallona.

"In kin aika, wataƙila su kore shi. In ba ki aika ba, itatuwan su mutu, sannan su kore shi. Wanne kika zaɓa?"

"Wataƙila an canza masa wuri, Anti."

"Wataƙila," in ji ta, ta juya ta fuskanci bango.

Sai a watan Yuni aka ba mu izinin komawa. Na sauka daga mota ƙarfe bakwai na safe, tabarauna ya yi hazo nan take saboda laimar iska. Zafin garin a wannan watan ba irin namu ba ne. Namu yana busar da kai, nasu yana dafa ka, iskar kamar tururin tukunya. Na goge tabarau da gefen hijabi na duba.

Ban taɓa ganin gona mai kyan wannan ba. Babu roba ko ɗaya, babu gansakuka. Kowane itace da tulin yashinsa har rabin kara, an daddanna, an share tsakanin layuka. Babu tsinken saiwa ko guda a waje. Ganyen kuma ya bushe ya zama ruwan ƙasa, wasu sun zube, wasu suna maƙale. Ƙaguwa ma sun bar wurin, ba laka sai yashi.

Na durƙusa na tona gindin na goma sha huɗu. Yashin sama ya ƙona mini yatsu. A ƙasa saiwoyin sun yi baƙi, sun yi laushi, na taɓa ɗaya ya narke. Na bi layi-layi ina ƙirgawa. Tara ne suka rayu, na can bakin ruwa inda laka ke nutsar da mutum har gwiwa, inda kwanonsa bai kai ba.

Ranar Laraba ce, ba ranar zuwansa ba. Na gode wa Allah da haka, kuma na ji kunyar godiyar.

Dakta ta ce in kawo littafina. Ta zauna a ofis da takunkumi tana buɗe shafi bayan shafi. Ban taɓa barin komai ba a rubuce ba, saboda haka komai yana ciki. An rufe, na tone. An rufe, na tone. Sau talatin da ɗaya.

"Tun Nuwamba?" in ji ta. "Kina ganinsa ido da ido, kuna yare ɗaya, ba ki gaya masa ba? Ni ma ba ki gaya mini ba?"

Na ce laifina ne, a rubuta haka. Ta ce za a rubuta. Amma masu wurin sun ba da itatuwa ɗari da ashirin, dole a gaya musu abin da ya kashe su. Na roƙe ta kada ta sa sunansa. Ba ta sa ba. Sai dai ma'aikaci ɗaya ne tak ake turawa lungun.

Talatar da ta biyo baya wani saurayi ɗan Bangaladesh na tarar yana tsintar robobi. Na tambaye shi tsohon da ke zuwa. Ya yi alamar jirgi da hannunsa ya ce, "Kalas."

Ni an ba ni wani aikin binciken, a kan gishirin farin filin nan, aka ƙara mini shekara ɗaya. Abin da ya same ni ke nan. Sauran zafin shekarar na yi shi ina haƙa ramuka a inda ba abin da ke da rai, ina cika kwalabe da ƙasa. Na tambayi direban motar kamfanin lambar Baba Isuhu, ya ce bai sani ba. Mace ba ta shiga masaukin Sonapur. Na ɗauka ya tafi.

Cikin watan Agusta Anti Bilki ta kira ni daga ofis da rana tsaka.

"Wani tsoho ya kawo akwati za a kai Maraɗi. Farin gemu, sunansa Isuhu. Jirgi ne bai samu ba sai jibi. Na ce masa sikelinmu ya lalace, ya zauna ya jira. Ki hau tasi yanzu, kuma wallahi in kika zo kika yi mini shiru ni zan faɗa."

Na same shi zaune a kan benci tsakanin kwalaye, lungun duk ƙamshin kanumfari da busasshen lemo daga shagunan maƙwabta. Ya rame. Ba kayan aiki a jikinsa, wata shuɗiyar riga ce da ta sha wanki. Ya gane ni duk da takunkumi.

"'Yar lakkwal, 'yar boko. Ashe za mu gana."

Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi karatu, ya tambayi mutanen gida, ya tambaya ko cutar ba ta taɓa kowa nawa ba. Sannan ya shiga murza hularsa a gwiwa.

"Ɗiyata, itatuwanki sun mutu a hannuna. Patron, shugaban aikinmu, ya ce ni na kashe su, bai ce mini ta yaya ba. Wallahi ban yi musu ha'inci ba. Da azumi a bakina nake ɗebo yashin nan. Da na ga ganye ya fara ja, sai na ce ƙasar ce ba ta isa ba, na ƙara. Mi na yi ba daidai ba?"

Anti Bilki ta daina buga kwamfuta.

Na gaya masa. Na ce lakar wurin ba iska a cikinta, tsinken nan da ke fitowa hancin itacen ne, da su yake numfashi. Na ce shi gurm a waje yake son saiwarsa. Maganar ba ta kai minti ɗaya ba. Ya saurara, kansa a ƙasa.

"Hanci," ya ce a hankali. "Ashe toshe musu hanci na yi."

"Ba kai ba ne, Baba. Ni na sani tun ranar farko. Nauyinka na ji, na kasa faɗa. Duk ranar da ka rufe, in ka tafi sai in tone. Ka yafe mini."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya dubi akwatinsa da aka naɗe da leda, an rubuta sunan ƙauyensu da baƙin alƙalami. Wani ɗan dako ya wuce da baro yana neman hanya, muka janye ƙafafu.

Akwai abin da ya daɗe yana cina, tun cikin azumi. Na ce, "Baba, duk watannin nan, in ka dawo ba ka ganin an tone?"

"Ina gani mana. Har sawun yatsunki ina gani."

"To me ya sa ba ka taɓa tambayata ba?"

Ya gyara takunkuminsa da ya zame.

"Na ɗauka awo kike yi. Na ga kina auna ganye, kina auna ruwa, kina auna laka, na ce to saiwar ma aunawa take. Ke ki buɗe ki auna, ni in zo in ruhe miki kar rana ta dake su. Har murna nake, ina cewa aikinmu ya zo ɗaya ni da ɗiyar nan. Sau da yawa na so in tambaya. Sai in ce a'a, ita ta yi lakkwal, in ba daidai ba ne ai da ta hwaɗa."